Baban Mutuware da kofi mai jan ɗigo

Tun kafin masu shara su gama da barandar asibiti, Baba ya riga ya jingine kekensa a bangon ɗakin da kowa yake ƙara sauri in ya zo wucewa. Ɗakin ajiye gawa ne, can ƙarshen asibiti, bayan wurin wanki. Yakan cire hularsa a bakin ƙofa, ya sa rigar roba da dogayen takalma, ya duba ko injin sanyi ya kwana yana aiki. Sai ya bi durowa ɗaya bayan ɗaya yana karanta 'yar takardar da ke ɗaure a ƙafar kowa. Mai gadin ƙofar baya ya ce yakan ji shi yana gaishe su, "Ina kwananku," kamar wanda ya shiga ɗakin baƙi. Daga nan ya tari ruwa, ya ɗauko sabulu, ya fara waƙar yabo ƙasa-ƙasa da wata murya da ko kusa ba za a ɗauke ta a ƙungiyar mawaƙa ba.

Shekara talatin da huɗu yana wannan aiki, ƙarshen watan nan zai ajiye. A gabansa Baba muke ce masa, a bayansa kuma Baban Mutuware. Na ɗauki biro don in jinjina masa, amma ba zan iya ba sai na fara tona asirin kaina, domin a duk ikilisiyarmu babu wanda ya wulaƙanta shi kamar ni, kuma ba wanda ya sani.

Ni malamar makaranta ce, ni ce kuma mai kula da kofunan Jibin Ubangiji a cocinmu, wato ci da shan da muke yi tare don tunawa da mutuwar Yesu. Ƙananan kofuna ne na gilashi, ni nake wankewa, ni nake jerawa a faranti, ni nake kai wa bencin baya. Baba kuwa a ƙarshen bencin baya yake zama, don ya lura mutane ba sa son gogar kafaɗarsa. Wata rana ina wanke kofunan sai na tuna inda hannunsa yake wuni. Na ɗauko jan farce na ɗiga a gindin kofi ɗaya. Daga ranar, in ina zagayawa da faranti sai in danne wannan kofin da babban yatsa har in kai kansa. In an tashi, daban nake wanke shi, da ruwan zafi. Har yabon kaina nake yi, wai ina kare lafiyar jama'a. Shekara goma sha ɗaya na yi ina wannan, sau ɗaya kowane wata.

Abin da wasu suka gani kuwa daban ne. Wata nas ta ce ba ta taɓa ganin ya ja gawa ba, ɗagawa yake yi, in ya ga ba zai iya ba ya jira a taimaka masa. Waɗanda ba su da kowa, da aka tsinto a titi, shi yake raka su makabarta ya tsaya har a rufe, don kada mutum ya tafi ba mai cewa amin. Matarsa ta yi shekara shida a kwance. Da safe ya yi mata wanka ya fita ya wanke matattu, da yamma ya dawo ya ɗora tukunya. Da ta rasu maƙwabta suka ji yana waƙa yana share ɗakinta.

Labarin ɗansa direban motar asibiti ne ya ba ni. Ɗa ɗaya gare shi, mai shekara ashirin da biyu, ya gama koyon aikin lantarki ke nan. Wata safiya aka kira direban wurin hatsari, ya ɗauko gawa bai san ko wane ne ba. Baba ya buɗe mayafin don ya ɗaura takarda, sai ya tsaya cak.

Direban ya ce, "Da na gane ɗansa ne, na ce Baba fita, mu za mu yi. Ya ce a'a, akwai mutum biyu da suka riga shi zuwa, danginsu suna waje tun safe. Ya rufe yaron a hankali, ya gama da waɗancan, ya sallami mutanensu. Sannan ya dawo kan nasa. Ina bakin ƙofa ina jin abin da yake cewa. Ya ce, Ubangiji, ban gane ba, kuma yana yi mini zafi. Amma shekara ashirin da biyu ka bar mini shi, ban yi maka aikin komai ba ka ba ni. Na gode. Ni da nake tuƙa gawa kullum, ranar sai da na zauna a ƙasa."

Lahadin da ta biyo baya ranar Jibi ce. Baba ya zo, ya zauna a wurinsa, ya tashi ya yi waƙa tare da kowa. Na miƙa masa kofinsa mai jan ɗigo. Da muka fito na ce wa wata 'yar zumuntar matan coci, "Kin ga yawan zama da gawa ya kashe masa zuciya, ko hawaye babu." Ni na faɗi haka da bakina, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in shige ƙasa.

Bayan shekara uku aka zo kaina. Autata, 'yar shekara goma sha shida, mai ciwon sikila, ta cika da hantsi a hannuna. Na bi gadon da aka turo ta har ƙofar ɗakin nan da ban taɓa yarda na bi ta gabansa ba. Baba ya fito, ya cire safar hannu, ya ajiye mini kujera.

Ya ce, "Malama, budurwa ce. Ke da yayarki za ku yi mata wanka, ni zan tsaya bayan labule in gaya muku yadda ake yi."

Ya shigo da bokiti biyu. Na tsoma hannu na ji ruwan da ɗumi. Na ɗago na dube shi.

Ya ce, "Na ɗumama. Na san masu ciwonta ba sa son sanyi."

Wata biyar na yi ban taka coci ba. Na yi fushi da Allah, na mayar da kofunan, na ce a nemi wata. Masu ta'aziyya suka zo suka tafi, kowa da wa'azinsa, har na fara ɓuya in na ji sallama. Baba kaɗai ne bai daina zuwa ba. Kowace Asabar da la'asar zai jingine keke, ya zauna a baranda, ya tambayi maigidana labarin aiki, ya tafi. Bai taɓa ce mini in yi haƙuri ba.

Wata rana na kasa daurewa. Na ce, "Baba, ta yaya kake gode masa? Ya ɗauke matarka, ya ɗauke ɗanka."

Ya ce, "Wa ya ce miki ba ma faɗa da shi? 'Yata, akwai ranar da in na buɗe baki ƙara ce kawai nake kaiwa. Amma in na yi fushi na tafi, wurin wa zan je? Shi ma ya san yadda ake saukar da ɗa daga gicciye a kwantar. Kuma duk waɗanda nake wankewa, ajiya nake yi, ba zubarwa ba. Mai su zai zo ya tashe su. Shi ya sa nake gaishe su."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na ce, "Baba, na yi maka wani abu, ka yafe mini. Akwai wani kofi..."

Ya ce, "Mai jan ɗigon?"

Na ce, "Ashe ka sani?"

Ya yi 'yar dariya. "Malama, ke da kike koyar da yara. Kofin gilashi ne fa. In mutum ya ɗaga zai sha, gindin yake kallo."

Ban taɓa tunanin haka ba, don ban taɓa sha da shi ba. Na ce, "Me ya sa ba ka yi magana ba?"

Ya ce, "Da farko ya yi mini ciwo, har na ce zan daina zuwa. Sai na duba na ga abin da ke cikin kofin ba a rage mini ba, daidai yake da na fasto. Na ce to, Yesu bai ware ni ba. Sai na riƙa yi wa mai ɗigon addu'a duk lokacin da na gan shi. Kin ga kin samu addu'a kyauta shekara da shekaru."

Na yi kuka ranar fiye da na ranar jana'iza. Lahadi ta zagayo na koma coci, na karɓi kofunana. Na so in kankare ɗigon, sai na fasa. Ranar Jibi na danne shi da yatsa kamar yadda na saba, na bi benci-benci har na kai kan Baba. Na juya farantin, ya ɗauki wani daga cikin na kowa. Na koma wurina da mai ɗigon, na ɗaga na sha. Ga shi nan ja, ƙuru-ƙuru, yana kallona. Abin da dattijon nan ya gani ke nan kowane wata, ya haɗiye, ya ce amin. Tun daga ranar kofina ne.

Baba, kai ne mai karɓar waɗanda kowa ya saki. Kai ne ka wanke ɗanka ka ce na gode, ni kuwa na tsaya a ƙofar coci ina auna hawayenka. Kai ne ka koya mini cewa mutum yana iya kai ƙara wurin Allah da yabo a baki ɗaya, bai yi ƙarya a ko ɗaya ba. Ka yafe mini a baranda ba wanda ya ji, amma laifin a gaban teburin Ubangiji na yi shi, shi ya sa na kawo shi gaban jama'a. Na gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya haɗa ka da naka a ranar da za a tashe su.

Ku kuma 'yan'uwa, kowa ya duba ko akwai wanda ya ɗiga wa alama a zuciyarsa, yana zaton ba a gani. Ana gani. In asara ta zo muku, ku yi irin na Baba: ku faɗa wa Allah zafin, ku kuma ƙi barin ƙofarsa. Ranar Lahadi in kun gan shi a ƙarshen bencin baya, ku matsa kusa, ku miƙa masa hannu, kada ku goge a riga bayan kun gaisa. Hannun nan ne ya ɗumama wa 'yata ruwa.