Sallamar da Baba Bai Amsa Ba

Shekara ashirin Baba ya yi a kan injin niƙa a Sabon Gari. Ina budurwa mutanen layinmu a Fagge suka fara cewa girman kai ya kama shi, wai sai a yi masa sallama sau uku bai amsa ba. Na sha yin faɗa da mutane a kan wannan magana, alhali ni ma ina jin haushinsa, don nakan gaishe shi ya wuce kamar bai san ni ba.

Wata dattijuwa 'yar ƙabilar Ibo, mai sayar da garin rogo kusa da shagonsa, ita ta ja ni gefe. Ta ce, "'Yata, babanki bai raina kowa ba. Ki lura, bakin mutum yake kallo. Injin nan ne ya cinye masa kunne."

Kunya ta rufe ni. Gida ɗaya muke kwana da shi, amma maƙwabciyar kasuwa ce ta gane. Maganarta ce ta kai ni karatun gwajin ji, dangi suna ta tsegumi wai wannan ma aiki ne.

Ranar da na sa masa na'urar ji, da gangan na koma bayansa na yi sallama ƙasa-ƙasa. Ko juyowa bai yi ba ya amsa, har da wa barakatuhu.

Da na je yi wa matar godiya, na tarar ta koma garinsu. Yanzu duk tsohon da 'ya'yansa suka kawo mini suna ƙorafin taurin kansa, maganarta nake maimaita musu, kalma da kalma.