Dutsen da Hamon Ya Kira Tsohuwa

Shekara ashirin da bakwai ke nan da babbar annoba, wadda ta bar mu mu goma sha tara a garin Wendlow mai gida sittin. Ranar Alhamis da ta wuce, saura kwana huɗu a fita zagayen iyakar gari na shekara-shekara, Hamon mai jinka ya rasu a ɗakinsa, rana tana tsaka. Ni Gamel nake faɗa, Fada Ailwin yake rubutawa, da harshenmu ba da Latin ba. Kowane layi sai ya karanta mini sau biyu, domin na ga abin da alƙalami yake yi wa wanda bai iya karatu ba.

Hamon, ni da kai muka haƙa kaburburan shekarar annobar. Da aka gama binnewa, kowa ya koma neman abin da zai ci, kai kuwa ka lura da abin da ya fi yunwa: dattawan da suka san iyakar makiyayar gari duk suna ƙarƙashin ƙasa. Ka bi sauran tsofaffi gida gida, kana gyara musu jinka ba ka karɓar ko gurasar sha'ir, kana tambaya: daga wane itace zuwa wane rafi? Abin da ka tara ka ɗinke shi a waƙa, don kada ya sake mutuwa da mutane. Kowace shekara muna bin bayanka muna amsawa:

Rafi ya raka ka, ka riski Tsohuwa,
Ta tsaya tsaye tana tsaron makiyaya.

Ko akuyar garin nan ta san Tsohuwa dutse ce. Tana can bayan fadama, ta ranƙwafa kamar mai ɗauke da itace, shanu takwas ba za su motsa ta ba.

Bara waccan 'yan zuhudu, masu ƙasar da muke nomawa, suka aiko magatakardansu, wani ɗan kudu mai tsabtar farce, wai zai adana waƙarka a fata. Ka ji daɗi, bawan Allah. Ka zaunar da shi, Idony matarka ta zuba masa faten wake da cuku, ka rera masa sau uku. Bai taka zuwa fadama ba, wai takalminsa. Ya juya waƙar zuwa Latin, inda ka ce Tsohuwa ya rubuta gidan tsohuwa, wato bukkar gwauruwa Mabota da ke bakin gari. Da kalma ɗaya fadama duka ta koma wajen iyakarmu. Kafin kaka sun kewaye ta da shinge, tumakinsu a ciki, shanunmu suna lasar ƙasa.

Ba zan manta ranar shari'a ba. Wakilin 'yan zuhudu ya buɗe fatar ya karanta, ka miƙe ka ce masa dutse kake nufi.

Ya ce, “Baba, abin da aka rubuta ke nan.”

Ka ce, “Ranka ya daɗe, ni na yi waƙar.”

Ya yi murmushi ya ce, “To ina shaidarka? Baki yana mantuwa, fata ba ta yi.”

Ni na kasa haƙuri na ce, “Fatar tunkiya ce fa. Tun tana da rai ba ta san hanya ba.” Aka sa ni a turu yini guda, kai ka zauna kusa da ni cikin ruwan sama kana kore mini karnuka, kana ce mini bakina ya fi ƙafata tsawo.

Daga ranar ba ka sake rera waƙar ba. Mutane suna cewa tari ne ya kashe ka. Tarin ya taras da mutumin da aka riga aka ƙaryata da maganar bakinsa, a gaban garin da ya binne wa iyaye. Ban ce magatakardan ya yi da gangan ba. Na ce da aka nuna musu kuskuren sun ga ciyawa ta yi kyau, sai kuskuren ya zama gaskiya.

Kuma ba su bari gawarka ta huce ba. Bisa al'ada ubangidan ƙasa yana ɗaukar dabba mafi kyau idan talaka ya mutu, sai ga su da igiya tun kafin a ɗinke likkafani. Sun ja jar saniyarka. Jiya na hango ta cikin shinge, tana kiwo a gindin Tsohuwa. Ita kaɗai a cikinmu aka bari ta koma.

Fada ya ɗaga alƙalami yana cewa in sassauta. Rubuta yadda na faɗa, Fada, sannan ka karanta mini.

Allah ya ji ƙanka, Hamon, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka inda ba a tambayar talaka shaidar fata. Idony, Allah ya ba ki haƙuri, ke da 'yarku Sabina da mijinta. Jinkar ɗakinki tana wuyana muddin ina iya hawa tsani.

Yanzu ni kaɗai na riƙe waƙar daga farko har ƙarshe, kuma haƙorana huɗu suka rage. Wakili ya aiko cewa bana zagaye zai tsaya a bukkar Mabota. Gobe da safe, in an kaɗa ƙararrawa, zan ɗauki sandarka, Hamon, in bi rafi. Zan keta shingen, in dafa Tsohuwa da hannuna, in rera waƙar da ƙarfi har sai wanda ya biyo ni ya iya amsawa ba tare da ni ba. Turun yana nan inda yake, na san faɗinsa.