Garin da ke cikin farantin gwaggo

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Karatuna bai wuce lakwal ta firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da ba haka yake ba game da garin da ban taɓa takawa ba. Amma idon gwaggona yana rufewa a hankali, shi ya sa na daure.

A gidanmu na Dakoro akwai wani farantin tangaran, fari mai zane shuɗi. Kakan babanmu ne ya samo shi wurin wani ayari da ya fito daga arewa, tun muna zaune wajen Birnin Lalle, tun Nasara bai shigo ƙasarmu ba. An ce fatu ya bayar aka ba shi. Ban tabbata ba, haka dai na ji. Gwaggo, yayar babana, ita ke ajiyarsa cikin tsumma, ba ta fito da shi sai ranar suna, a zuba dabino a ciki.

Idan dabinon ya ƙare, sai mu yara mu kewaye ta. A tsakiyar farantin akwai wasu zagaye-zagaye a jere, manya, an ɗaure bakinsu da dutse. Gwaggo ta ce rijiyoyi ne. Kusa da su ga wani dogon abu, mutum a tsaye a kansa da sanda. Wannan komin shayar da dabbobi ne da makiyayinsa. Ga fararen tsuntsaye masu dogon wuya, muka ce belbelu ne da suka ƙoshi. A baya ga hasumiya mai tsini, ga kangon wani babban gida a kan tudu.

Mu da sai an ɗaura wa sa igiya ya yi ta tafiya kafin guga ya iso bakin rijiya, wannan gari ya fi ƙarfin tunaninmu. Rijiya na jingine da rijiya! Mukan kira shi Garin Rijiyoyi, kuma duk jaririn da aka raɗa wa suna, gwaggo takan shafa kansa ta ce Allah ya shayar da shi kamar mutanen can.

Na girma, har na yi furfura, ban yi shakka ba. Sai wata damina ina cikin mota za mu Maradi, ruwa ya kwanta a wani kwari, muka tsaya. Akwai ƴar gada a wurin mai baka a ƙarƙashinta. Iska ba ta motsi. Na duba sai na ga bakan a sama, ga inuwarsa a cikin ruwa, sun haɗu sun zama zagaye cikakke. Rijiyar farantinmu ce.

Da na komo na roƙi gwaggo ta kwance tsumman. Duk abin da ke sama yana ƙasa a kife: hasumiyar, kangon, har tsuntsayen. Gada ce ta dutse a kan kogi. Komin nan jirgi ne, makiyayin kuwa tuƙi yake yi. Wani mushe, wato malamin lakwal, maƙwabcinmu, ya duba bayan farantin, ya ce sunan garin ya goge, saura kalmar Ingila, kuma irin wannan aiki na ƙarni na sha tara ne.

Na zauna ina kallo kamar ban taɓa ganinsa ba. Ruwan da ya zauna har aka sassaƙa masa dutse, aka gina gidaje a bakinsa ba a tsoron ya tafi. Ruwan da mai zane ya san zai same shi gobe a inda ya bar shi. Wannan ya fi rijiyoyin ban mamaki.

Na yi ta juyayi ko in gaya mata. Ƙarya ba ta da kyau, ɓata wa tsohuwa rai ma haka. Daga ƙarshe na faɗa. Ta shafa farantin da yatsa ta ce, "Kai da lakwal ɗinka ta rabin zango, yau kai ka cike mani rijiyoyi?"

Na ce, "Gwaggo, ai ruwan ya ƙaru ne."

Ta yi dariya. Ta ce, "To wane gari ne? Mi ne sunan kogin? Kada ka amshe mani gari ka bar ni hannu wofi. Ga jikanyarka na da ciki, da wane suna zan yi wa jaririn addu'a?"

Don haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan, idan ya san wani gari a Ingila mai tsohuwar gadar dutse, da hasumiya mai tsini a damanta, da kango a kan tudu a bayanta, ya taimaka ya sanar da ni sunansa da na koginsa, da ko gadar tana nan. Wanda bai tabbata ba ya ce bai tabbata ba, zan gaya mata haka. Ina so ta ji sunan tun tana iya ganin shuɗin.