Gwangwanin Daddawar Yaya Binta

Yau da safe ina tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Giza saƙo ya shigo wayata, wai Yaya Binta ta rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ƙanwar mijinta ce ta turo. Zazzaɓi ne na kwana huɗu, da asuba rai ya yi halinsa a wani asibiti a Katsina. Jirgi uku suka zo suka wuce ina nan tsaye, ban shiga ko ɗaya ba. Daga ƙarshe na juya gida.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Yaya Binta 'yar Malumfashi ce. A nan Alƙahira ta yi digirinta na uku kan sarrafa abinci, ni kuma ina na biyu. Ita ta tarbo ni a filin jirgi ranar da na fara taka Masar. Sanyin farko da na gani a ƙasar nan da bargonta na rufa, ita tana kwana da rigar sanyi biyu, tana ce mini ai ita zafi take ji.

Amma tun safe ba Alƙahira nake tunawa ba, Koriya ta Kudu nake tunawa.

A 2013 aka tura mu kwas na sati uku a can, kan hanyoyin adana abinci. A satin ƙarshe aka zuba mu a bas ana zagayawa da mu ƙauyuka, kowane gari da irin cimarsa. Ni dai kun san halina da tsantsami. Rabin akwatina garin rogo ne da kilishi da yaji. Ita kuwa ta sa an rubuta mata 'yar takarda da yarensu: ba ma cin alade, ba ma shan giya, kifi da ganye sun ishe mu. Duk inda muka sauka sai ta miƙa takardar, ta yi bismillah, ta gyara zama.

Ita ke fara ɗanɗanawa, sannan ta fassara mini abincin da Hausa. Kabejinsu mai tsami da barkono, wanda suke kira kimchi, ta ce kabeji ne ya yi fushi. A wani gari aka kawo taliya cikin romo da ƙanƙara a kai, ta shanye tas tana rawar sanyi. A wani kuma kunun kabewa, ta turo mini kwanon ta ce, "Dije, wannan kam ba ki da hujja." Na sha, kuma wallahi da daɗi, amma ban faɗa mata ba don kar ta samu bakin magana.

Sai ranar da muka je gidan wata tsohuwa a gindin dutse. Tsakar gidanta randuna ne jere, sun fi talatin, kowace da murfinta. Aka zaunar da mu a ƙasa, aka cika ɗan gajeren teburi da ƙananan kwanuka.

Ni ban taɓa komai ba. Ina ta tura nawa gaban Yaya Binta a ɓoye, ita kuma tana cinyewa don kar tsohuwa ta ga an raina mata girki. Ashe a can duk kwanon da ka share sai an sake cika shi. Tana sharewa ana cikawa, tana sharewa ana cikawa. Sai a zagaye na huɗu tafintarmu ta lura ta gaya mana. Yaya Binta ta dube ni gumi na zubo mata, ta ce in na kashe ta a ƙasar mutane ni zan yi wa mijinta bayani.

Daga nan aka kawo miya. Warin na bugo ni na kau da kai. Ita kuwa ta sunkuya ta shaƙa, ta ɗago da murna ta ce, "Ke, daddawa ce fa."

Haka ne kuwa. Waken suya ne suke dafawa su bar shi ya ruɓa a randunan nan, wani har shekaru. Sai Yaya Binta ta buɗe jakarta ta zaro ƙullin daddawar kalwa ta hannun Innarta, wadda ba ta tafiya ko'ina sai da ita, ta miƙa wa tsohuwa da hannu biyu. Tsohuwa ta sansana, ta gutsura, ta tauna a hankali. Sai ta fashe da dariya tana dukan bayan Yaya Binta. Ta ja ta tsakar gida suna buɗe randa bayan randa, wannan na Hausa, waccan na yarenta, kuma ba su nemi tafinta ba.

Ragowar daddawar a tukunyar miya tsohuwa ta marmasa. Ranar na ci abinci har na nemi ƙari.

Da za mu tafi tsohuwa ta tambayi wa ya yi daddawar. Da ta ji cewa tsohuwa ce sa'arta, sai ta cika kwalba da tata ta ce a kai wa Inna, ita ma a aiko mata da irin waccan. Yaya Binta ta yi alkawari, ta karɓi adireshi. Kwalba ta isa Malumfashi, Inna ta ɗanɗana ta ce gishiri ya yi yawa amma mai yin ta san aiki.

Ganina na ƙarshe da ita wata uku ke nan, da ta dawo karɓar takardar shaidarta. Kwana biyu kawai ta yi, duk a ofisoshi suka ƙare. A bakin tashar nan ta Giza ta ba ni gwangwanin madara cike da daddawar Inna, an liƙe bakinsa, da adireshin a manne. Ta ce in kai gidan waya. Na ce mata bukra in sha Allah, wato gobe.

Ta riƙe hannuna ta ce, "Dije, ban da goben Masar. Matar nan tsohuwa ce, ba mu san kwananta ba."

Na yi dariya na ce khalas, wato shi ke nan, ta ɗauka an gama.

Ban kai ba. Jarrabawa ta zo, zafi ya zo, lalaci ya zo. Sau biyu tana tambayata a waya ina ce mata ma'alish, wato ta yi haƙuri, satin nan. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Da na dawo gida yau, abin da idona ya fara sauka a kai shi ne gwangwanin nan a saman firij, ƙura ta rufe murfinsa. A nan ne kuka ya zo mini.

Da azahar na goge shi na kai gidan waya. Ma'aikacin ya sansana ya tambaye ni mene ne a ciki, na ce kayan miya ne, amana ce. A wurin sunan mai aikawa na rubuta nata. Ban sani ba ko tsohuwar na da rai, ban sani ba ko saƙon zai isa. Na dai san na makara, kuma wadda zan kira in ce mata na kai ba ta nan.

Ya Allah ka gafarta wa Yaya Binta, ka haskaka kabarinta, ka ciyar da ita daga abincin Aljanna kamar yadda ta ciyar da mu. Ka ba Inna da mijinta da 'ya'yanta biyu haƙuri, ni kuma ka yafe mini jinkirina.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko bai san ta ba, ya ambaci sunanta a addu'arsa yau. Kar ya bari sai gobe.