Tabon Matar Mai Hoto

Maƙwabcina mai hoto ya shekara talatin yana ɗaukar fuskokin mutane, bai taɓa gyara ko ɗaya ba. In hancinka a karkace yake, haka zai miƙo maka shi. Ni Alƙali nake ce masa. Da wayoyin nan masu goge ƙuraje da ƙara haske suka zo, shagonsa ya koma wurin hutun ƙudaje, amma ya ƙi sauyawa. Wai fuska amana ce.

Matarsa tana da tabon ƙuna a kumatu tun ƙuruciya, shi ya sa ta tsani hoto. Sau ɗaya tak ta yarda ya ɗauke ta. Nakan ce mata, "Matar mai hoto, ba hoto?" Sai ta ce, "Kai dai ji da kanka mai kama da tulu."

Bara ta rasu. Da damina rufinsu ya yi yoyo, ruwa ya cinye hoton a bango. Ya ruga wurin 'yarsu, don ta taɓa ɗaukar hoton da wayarta. Ta nuna masa fuska sumul, ba tabo. Na asalin ta goge shi tuntuni.

Ya ce, "Wannan ba uwarki ba ce."

"Baba, haka take so a gan ta. Shekara nawa tana rufe kumatun da mayafi?"

"Wa ya ba ki izinin gyara ta?"

"Kai da ka rataye ta a falo kowa na kallo, ka tambaye ta?"

Ya juya ya koma gida. Tun ranar abinci ba ya shigarsa. Abin da ke cin ransa, ya kasa tuna ko tabon a dama yake ko a hagu. Ya wanko hoton sumul ɗin, kullum yana kan bencin shago da fensir, yana so ya mayar da tabon. 'Yar ta rantse ba za ta faɗa ba. Ƙanwar marigayiya ta ce dama, mai wankinsu ya ce hagu.

Jiya ya riƙe mini hannun riga. "Maƙwabci, kai ka fi kowa tsokanarta. Wane gefe ne?"

Na buɗe baki zan yi wasa, sai na ga ni ma ban sani ba. Shekara ashirin ina mata tsiya ta kan katanga, ashe ban taɓa dubanta da kyau ba. Don dai ya sake ni, na ce, "Hagu."

Ya ɗora fensir a kan hoton. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Hagunta, ko hagunmu?"