Shelar Taron da Ba a Raba Komai

Sana'ata magana ce. Ina da lasifika, da batir, da babur da na ɗaura wa katako a baya, kuma a Jega duk wanda yake son a ji shi, ko mai sabon shagon magani ne ko wanda akuyarsa ta ɓata, ƙofata yake bugawa. Ba na jin nauyin faɗar cewa muryata tana da kyau. Idan na tsaya a bakin kasuwa na ce "Jama'a, salamu alaikum," har mahauta sukan dakata da sara. Na yi tallan takin zamani, na yi tallan ɗinkin sallah, na yi shelar allurar shanu, ban taɓa shan wahalar sa mutane su yarda da ni ba sai a kan aikin yayata.

Yayata man gyaɗa take yi da ƙuli-ƙuli, a gidanta da ke bayan tasha. Ita ta goye ni, don haka har yau da furfura a gemuna idan ta kira ni sai na ajiye abin da nake yi. Ba mai kuɗi ba ce. Abin da take da shi suna ne. Matan unguwa suna aiko da kwalba a zuba musu mai, ba wadda take ɗagawa ta duba ko ya kai wuya. Idan mata biyu suka yi musu a kan mudu, gidanta ake zuwa a auna da nata. Tana ji da wannan suna fiye da yadda nake ji da lasifikata.

Wata rana ta gano cewa wata mai abinci a Aliero man gidanta take amfani da shi, amma daga hannun wani ɗan kasuwar Sakkwato take sayensa. Man ya bar Jega, ya wuce Aliero a mota, ya je birni ya sha iska, sannan ya dawo da tsada. Abin ya tsaya mata a rai. Ta ce ashe muna zaune kusa da juna ba mu san juna ba. Sai ta yanke shawarar haɗa masu ƙananan sana'o'i na Jega da Aliero da Maiyama a wuri ɗaya, kowa ya zo da samfurin abin da yake yi, a gaisa, a karɓi lambar juna, a watse. Wani ɗan kasuwar albasa ya ba ta aron filin da ke gaban sitonsa, tunda lokacin ba a fara cirar albasa ba, siton a rufe yake babu kowa. Ta kira ni ta ce, "Kai na mai baki. Tahi ka hwaɗa ma mutane."

Ni na kawo shawarar fasta, kuma har gobe ina ganin fastar ta yi kyau. Mai buga ta ya sa hoton yayata a sama, cikin hijabinta mai ruwan toka, ya zana mata wani haske a bayan kai. A ƙasa ya jera hoton rumfa da kujerun roba. Sai da na manna su a tasha da jikin shaguna na lura cewa a garinmu ba a ganin fuskar mutum a bango sai in yana neman kujera ko yana rabon wani abu.

Yayata ta san mutanenta, saboda haka ta ja min kunne tun kafin in fita. Ta ce duk inda na tsaya in faɗa sarai cewa ba a raba komai. Haka na yi. A kasuwar Jega na ce taron sanin juna ne na masu sana'a, ba tallafi, ba keken ɗinki, ba buhun shinkafa, kowa ya zo da nasa. Wani mai sayar da igiya ya saurare ni har na gama, ya matso ya riƙe min kan babur, ya rage murya ya ce, "Mun gane. Katin zaɓe aka zuwa da shi ko na ɗan ƙasa?"

Na ce masa ba a zuwa da kowane kati. Ya yi murmushi, ya daki kafaɗata, ya ce Allah ya bar zumunci.

Ba wauta ba ce ta sa shi haka, kuma ban ga laifinsa ba. A wajenmu duk rabon da aka taɓa yi na gaske, a ɓoye aka yi shi. Waɗanda suka sani su ne suke ce maka babu komai, ka yi zamanka, sai da yamma ka ga maƙwabcinka ya wuce da injin markaɗe a kan babur. Mutane sun koyi darasi. Duk wanda ya rantse musu cewa ba a raba komai, sun san akwai kaya, kuma kayan ba su da yawa. Ni kuwa ga ni da murya mai kyau ina ta rantsuwa daga Jega har Gehuru.

A Aliero masu ɗinkin buhun albasa suka tambaye ni hoto nawa ake kawowa. A Sabiyal wani manomi ya ba ni kankana kyauta, ya ce in tuna da fuskarsa. Ina ƙara ƙarfin lasifika, suna ƙara gyaɗa kai. Da na isa Karaye ta wajen Maiyama, muryata ta fara dushewa, raina kuma ya fara ɓaci. Na tsaya a gindin wata bishiya kusa da masu awo na yi shelata. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa, gajeriya, da sanda a gefenta, ta yafito ni da hannu.

"Ɗana, wagga matar ta hoto, mi taka rabawa?"

Na ce, "Inna, wallahi ba ta raba komi. Yayata ta. Mai taka yi."

"To, mai za a ba mu ke nan," in ji ta. Ta koma kan daddawarta, magana ta ƙare.

Da na dawo na ba yayata labari ina dariya, don ni abin dariya na ɗauke shi. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta dube ni, na ga tsoro a idonta, abin da ban saba gani ba. Ta ce idan mutanen nan suka zo suka koma hannu wofi, ba za su ce babu ba, za su ce an ba ta ta cinye. Na ce to a fasa mana. Ta ce idan aka fasa, sai su ce ta raba wa 'yan'uwanta a ɗaka. Gaba ba daɗi, baya ba daɗi. Ta ce in sake zagayawa in ƙara bayani, na sake, kuma kowane zagaye mutane yake ƙara mana.

Ranar taron tun da hantsi filin ya cika. Kujerun da muka yi haya ba su ɗauki ko rabin rabin jama'ar ba. Mata sun yi layi da kansu ba wanda ya sa su, maza sun yi nasu, kowa da kati a hannu, wasu da buhu a naɗe a hammata, wasu da jarka. Waɗanda suka zo da samfuri, mai sabulu da mai takalmin fata da wasu 'yan mata masu turaren wuta da wani Bafillace mai man shanu, suna can gefe a takure kamar su ne suka yi kuskuren wuri. Ba mai kallon yayata tana jawabi. Duk idanu suna kan ƙofar siton da ke bayanta, da ƙaton kwaɗon da ke jikinta.

Ba a yi rigima ba, mutanenmu ba su da wannan. Guna-guni ne kawai ya fara tashi, wani ya ce rana tana yi, wani ya ce a fara da na nesa. Yayata ta tsaya da magana, ta juya wajen mai siton ta ce ya buɗe. Ya buɗe. Babu komai a ciki sai ɓawon albasar bara da warinta, da wata tsohuwar tabarma.

Mutane suka leƙa daga bakin ƙofa suka ja baya. Tsohuwar Karaye ce kaɗai ta shiga. Ashe ta zo, da jarkarta mai ruwan ɗorawa. Ta bi bangon siton tana ƙwanƙwasawa da sanda, ta ɗaga tabarmar, ta ɗaga kai ta duba rufi, ta zagaya bayan ginin ta dawo. Sannan ta zo gaban yayata ta dube ta sama da ƙasa, ta nemi kujera ta zauna, don motar garinsu sai bayan la'asar take tashi.

Kafin azahar filin ya zama fayau. Waɗanda suka rage suka ja kujeru suka yi da'ira, aka yi taron da aka yi niyya tun farko. Ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Mai abincin Aliero ta ga yayata ido da ido a karon farko, suka riƙe hannun juna suna ta mamaki. Mai sabulu ya samu wanda zai riƙa kawo masa mai daga nan kusa. Na hango mai abincin ta koma kusa da tsohuwar tana shinshina wani ƙullin daddawa da tsohuwar ta kwance daga bakin zanenta. Amma ni hankalina yana kan yayata, wadda take murmushi da baki kawai.

Abin da ta ji tsoro ya faru. Magana ta zaga cewa an kwashe kayan kafin ranar, an kai wani gida. Wasu suka ce kekunan ɗinki ne, wasu suka ce har da firji. Wata maƙwabciyarta da suka yi shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya ta shigo ta ce mata a asirce, ko guda ɗaya ne ta taimaka mata da shi, ba za ta faɗa wa kowa ba. Ina zaune a gidan wata rana wata mata ta sayi mai, ta ɗaga kwalbar sama ta duba a hasken rana kafin ta fita. Yayata ta bi ta da kallo, ta ci gaba da murza ƙuli-ƙulinta. Na ji zafin abin nan har cikin ƙirjina, kuma babu abin da lasifikata za ta iya yi a kai, tunda duk musun da na yi ƙara tabbatar musu yake.

Da shekara ta zagayo ta ce za a sake. Na ce Yaya, ba ki gaji ba? Ta ce idan ta bari, to ta amsa laifin ke nan. Wannan karon ba fasta, ba hoto. Na hau babur ba da son raina ba, na bi hanyar bara, ina faɗar maganar bara, ana yi min kallon bara.

A Karaye na tsaya a gindin bishiyar nan. Ban kai tsakiyar shelar ba sai na ga tsohuwar ta taso da sandarta. Na ce a raina yau zan sha zagi a gaban masu awo. Ta miƙo hannu ta ce in ba ta abin maganar. Tsohuwa ce, ba yadda zan yi, na ba ta. Na danna wayata tana ɗauka, don in samu shaidar da zan nuna wa yayata in ce ga dalilin da ya sa nake cewa a bari.

Ta riƙe makirfon nesa da bakinta kamar zai cije ta, ta ce, "Ku saurara. Yaron ga gaskiya shika hwaɗi. Ni nit tahi bara da jarkata. Ni nish shiga ɗakin da ƙahwata, nib bugi bango, nid duba bisa, nid duba ƙasa. Babu komi. Matar ga ba ta da komi, awa mu take. Ko kuɗɗin mota ba ta ba ni ba. Ruwa ɗai nish sha. Wanda ka son kyauta shi zamna gida. Ni dai za ni, don mai tuwon Aliero na jiran daddawata."

Ta miƙo min makirfon ta koma wurinta. Can wani mai gero ya tambaye ni, da murya ta sosai ba ta raɗa ba, ko mai sayar da gero ma yana iya zuwa. Ba wanda ya yi min maganar kati.

Daga ranar na daina wahalar da maƙogwarona. Muryar tsohuwar na riƙa sawa a lasifika, a Maiyama da Gehuru da Sabiyal da tsakiyar kasuwar Jega, ni kuwa in faɗi rana da wuri kawai. Amma kafin in kai ta ko'ina, gidan bayan tasha na fara zuwa. Na tarar da yayata a tsakar gida tana matsar tunkuzar gyaɗa, hannayenta sharkaf da mai. Na ajiye wayar a kan turmi na kunna.

Ta saurara ba ta ɗago ba. Da aka zo wurin da tsohuwar ta ce matar ga ba ta da komi, sai hannunta ya tsaya. Ta goge ido da bayan damtsenta, don tafin duk mai ne.

"Ka ji ko?" ta ce. "Ta ce ban da komi."

Na ce na ji, Yaya.

Ta ce, "Sake sa min."