Ranar da Kawu Dauda Ya Ƙi Ƙoƙo na Biyu

Shekara talatin da biyu ke nan, a wannan damina, da muka sa Kawu Dauda a ƙasa. Ni da nake wannan rubutu na riga na wuce shekarun da ya yi a duniya, amma har yau idan na tuna yadda yake ɗaga gira ya dube ni, sai in ji na gyara zama. Yayan mahaifiyata ne, manomi, kuma dattijon 'yar ikilisiyarmu da ke wani ƙauye tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne zaɓe ya matso, kuma na fara jin maganganun da na taɓa yi da bakina suna fitowa daga bakin jikokinmu a ƙofar majami'a.

A ƙarshen shekarun 1950, tun ba a yi mafarkin dam ɗin Zobe ba, majami'armu ɗakin ƙasa ce mai jinka, kujerunmu kuwa guma-guman giginya. Mu kaɗan ne a cikin maƙwabta Musulmi, kasuwarmu ɗaya, muna zuwa gayyar juna. Lahadin farko na kowane wata muke cin Jibin Ubangiji. Ba mu da ruwan inabi, sai mata su jiƙa zoɓo a zuba a ƙoƙo guda. Kawu zai yi addu'a, ya kurɓa, ya miƙa wa na kusa da shi. Kai ma ka karɓa da hannu biyu, ka kurɓa, ka kira sunan na gefenka, ka miƙa masa. Haka ƙoƙon zai zagaya har ya koma hannun Kawu.

Sai siyasa ta shigo. Ni tela ne a kasuwar Dutsin-Ma, ina da shekara ashirin da 'yan kai, ga baki ga zafin kai. A rumfata 'yan adawa suke yada zango, kuma ba a daɗe ba na yanki katinsu. Ban yi nadama ba, don na ga yadda ake wulaƙanta talaka da idona. Tanko, ɗan Kawu na fari, ya bi jam'iyyar masu sarauta. Hujjarsa ita ce mu tsiraru ne, filin majami'a ma mai gari ya ba mu, wauta ce mu ja da masu iko. Ni da Tanko taubasai ne. Tun muna yara ba ya kirana Ishaya, sai dai “bawana”, ni kuma in rama da zancen ƙafafunsa masu kama da taɓarya. Da farko gardamar jam'iyya ma cikin wasan muke yin ta.

Wasan ya ƙare ranar da 'yan doka suka zo rumfata. An ce mun yi taro ba izini, kuma sun zo da sunayenmu a rubuce. Na sha bulala a bainar jama'a, na yi wata biyu a tsare, rumfata a rufe, ɗinki ya tsaya. Taron nan a bayan gidan Kawu muka yi shi, kuma na san wanda ya gan mu.

Da na fito, majami'a ta riga ta dare gida biyu. Masu ra'ayina suna zama dama, mutanen Tanko hagu, gaisuwa ma sai a daƙile. Na rantse ba zan sa bakina inda Tanko ya sa nasa ba. Ranar kasuwar Kurfi na je na zaɓi ƙoƙo sabo dal, mai kyan gani, a ganina na samo maganin rigima: su sha a nasu, mu sha a namu, kowa ya huta. Har ina yaba wa kaina hikima. Lahadi na ajiye shi a kan tebur kusa da tsohon.

Kawu ya dubi ƙoƙon, ya dube ni.

“Ishaya, wanga na mi ne?”

“Namu ne, Kawu. Don a zauna lafiya.”

“Ku su wa? Ni nan ban san ku da su ba. In ƙoƙo guda bai ishe mu ba, to ba wanda zai sha, har ni.”

Ya sa aka fita da zoɓon, ya kife tsohon ƙoƙon, ya miƙo mini nawa a hannu. Na fita ina huci, ina cewa ai dole, ɗansa yake karewa.

Wata uku ba a ci Jibi ba. Duk Lahadin farko Kawu zai kawo ƙoƙon, ya kife shi a kan tebur, a yi waƙa da addu'a a tashi. A cikin watannin nan manyan jam'iyyun biyu duk sun same shi a gona, kowa yana so Kawu ya tsaya a gaban jama'a ya ce a jefa wa jam'iyyarsu ƙuri'a. Amsa ɗaya ya ba su, cewa ƙuri'a ta mai ita ce, shi ba a naɗa shi ya raba ta ba. Mu kuwa mun fara shawarar kafa rumfarmu ta sujada a gefen gari, har mun sari itace. Wani Alhaji mai sayen hatsi, abokin Kawu na shekaru, ya tare ni a kasuwa ya ce, “Malam Ishaya, ku da duka-duka ba ku cika inuwar tsamiya guda ba, shi ne za ku rabu biyu?” Na ji kunya, amma ban sauko ba.

Wadda ta fasa ƙwan ita ce Iya Ladi, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a cikinmu. A lokacin mata a Arewa ba su da ƙuri'a. Ta miƙe ana tsakiyar sujada, ta dogara sandarta, ta ce, “Malam Dauda, ni ban san jam'iyya ba, akwatin nan ma ba a bari mu je kusa da shi. Don mi za a hana ni Jibi kan faɗan maza? Ni ban da tabbacin ganin kaka.”

Kawu ya dubi ƙoƙon da ke kife. Ya ce Iya ta yi gaskiya, laifinsa ne da ya bar marasa laifi suna biyan abin da ba su ci ba, don yana tsoron tambaya guda. Sai ya juya hagu.

“Tanko, tashi. Gaban Allah da jama'a, kai ka ba da sunan ɗan'uwanka?”

Tanko ya tashi, ya ce shi ne. Ya ce an ce masa gargaɗi kawai za a yi mana. Na ji wani daɗi ya ratsa ni, ina jira in ga an wanke ni tas. Kawu ya ce Tanko zai shiga horo wata uku, ba don jam'iyyarsa ba, don ya ci amanar ɗan'uwa. Kafin in gama murmushi sai na ji sunana. Ni ma wata uku, ba don jam'iyyata ba, don na nemi raba teburin da ba nawa ba. A ranar aka jiƙa zoɓo, kowa ya sha ban da mu biyu.

To, a al'adar majami'armu wanda yake cikin horo a can baya yake zama, bakin ƙofa. Gungumen horon kuwa guda ɗaya ne, gajere, don ba a taɓa sa ran mutum biyu za su yi laifi lokaci ɗaya ba. Haka ni da Tanko muka zauna kafaɗa da kafaɗa, kowa ya kau da fuska, yara suna leƙenmu suna ƙunshe dariya. Sau da yawa na yi niyyar ƙin zuwa. Abin da ya hana ni shi ne kada a ce Tanko ya fi ni jimiri.

A Lahadi na biyar aka yi ruwa, jinkar bakin ƙofa tana yoyo daidai kaina. Ina jiƙewa amma na ƙi motsi. Sai na ji Tanko ya ce a hankali, “Matso, bawana, kada ka ruɓe in yi asara.” Ban san lokacin da na ce masa ya janye taɓarensa tukuna ba. Dariya ta ƙwace mana, daga nan ta koma kuka. Da aka tashi ya bi ni har gida, ya durƙusa a gaban mahaifiyata da matata, ya roƙi gafara. Ban yafe a ranar ba. Na ɗauki makonni, kuma ba zan yi ƙaryar cewa abu ne mai sauƙi ba.

Ranar da horonmu ya cika, Kawu bai yi dogon jawabi ba. Ya zaunar da mu a gaba, Tanko kusa da shi, ni kusa da Tanko. Ƙoƙo ya zo hannun Tanko, ya kurɓa, ya ce, “Ishaya.” Shi ne karo na farko da na ji sunana a bakinsa. Na karɓa da hannu biyu, na sha.

Kada mai karatu ya ɗauka wani ya bar jam'iyyarsa. A zaɓen da ya biyo baya kowa ya jefa wa nasa, kuma mun ci gaba da gardama har Tanko ya rasu. Kawu bai taɓa gaya mana wanda ya zaɓa ba. Na tambaye shi sau uku, sau uku yana tambayata ko na gama ɗinkin rigarsa.

Yau majami'armu ta siminti ce, da kwano da lasifika, kuma Jibi a ƙananan kofuna ake rabawa, kowa da nasa, saboda lafiya. Ba na jin Kawu zai yi faɗa a kan wannan. Abin da zai ɗaga masa gira shi ne mai wa'azin da yake cewa wanda bai zaɓi wane ba bangaskiyarsa da sauran gyara, da matasan da suka daina gaisawa saboda abin da suka rubuta wa juna a waya. Zai ce su yi siyasarsu da ƙarfinsu, don shi bai taɓa hana kowa ba. Amma zai tambaye su wa ya ba su izinin auna ɗan'uwa da katin jam'iyya.

Kawu bai bar gini ba, gonarsa ma an rarrabe ta. Abin da ya bari shi ne mutanen da ba su rabu ba, da jikokina da na Tanko da suke waƙa a layi ɗaya ba su san an taɓa sarar itacen wata rumfa ba. Ni kuma ya bar mini aiki. Akwai wani dattijo a majami'armu da yake tallan ɗan takarar da ko sunansa ba na son ji, kuma watanni biyu ke nan ina zagaye shi a bakin ƙofa. Na san abin da nake yi, don na taɓa yin sa. Ran Lahadi, in Allah ya kai mu, kusa da shi zan zauna.